Ja ko Kore a Tulun Gari

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2014
Magana ta tsaya. Ranar sha biyar garinmu zai yi ƙuri'a kan hana feshin magani a gonakin gahawa. Kowa za a ba shi 'ya'yan gahawa biyu, ya jefa ɗaya a tulu: nunanne ja, a hana, ɗanye kore, a ci gaba. Ni da famfon feshi ne abincina! Kore, ko ana ha-maza-ha-mata.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Matata Kinyuy ce uwar 'yan ja, wai feshina ke kashe mata ƙudan zuma. Yau shayi ba zuma ta miƙo mini. "Baban Wirba, ɗiga maganinka a ciki, ai ka ce ba ya kisa." Na yi dariya har na ƙware.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Bayan coci na yi wa kore kamfe a rumfar bammi, na sha tafi. Sai tsoho Ngum ya ce, "Fara cin akwatin gidanka tukuna." Har mai bammin ta dara.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Jiya na fesa ciyawar gonar Ngum, yau na koma ɗauko hulata. Ƙudan zuma zube a ƙasa, wasu na ta juyi sun kasa tashi. Amyoyin Kinyuy na bayan gonar. Na tura wa ƙudan ƙasa da ƙafa na rufe su. Raina bai yi daɗi ba, na dawo kuma na tarar tana waƙa a madafa.

Asabar, 15 ga Nuwamba
Ja ya ci, da ƙyar. Mata suka ɓarke da rawa, Kinyuy ta jawo ni fili. Na ɗan taka, don kada a ce na ji haushi. To, na taka sosai.

Litinin, 17 ga Nuwamba
Kinyuy ta yi wanki. Da rana ga tuwon masara da miyar ganye, ga shayi har da zuma, ga kuma ɗanyen ɗan gahawa kore a gefen faranti.

"A aljihun wandonka na ranar Asabar na tsinta."

Na ce ƙila hannuna ne ya kuskure.

"Ƙila," ta ce, ta ƙara mini zuma cokali guda.

Na wanke famfon sau uku. Ashe yana ban ruwan shuka da kyau.