Lakwal Mai Shiru

Harlem, Oktoba 2016

Zuwa ga taubashina malamin makaranta, Mushe Haru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata lafiyarmu lau, har tumbi na ajiye, abin da alli ba zai taɓa ba ka ba.

Na sa yarana, Shafa'atu da Yakuba, lakwal, wato makarantar boko, ta Faransanci. Hausa suna ji, amma da Turanci suke ba ni amsa. Lakwal biyu aka nuna mini. Ka san ni allo kaɗai na riƙe, kuma a wurinmu makarantar kirki tun daga bakin hanya ake jin karatunta. Na shiga ta farko, tsit kamar gidan makoki. Na ce wa uwarsu malaman nan barci suke. Ta biyu kuwa ihu har titi, na ce nan ne! Ashe lokacin cin abinci na tarar, Faransancin ma sau ɗaya ne a sati. Haka na koma ta farkon ina sosa ƙeya.

Tana da nisa. Kafin in kai su a jirgin ƙasa in dawo in kafa teburin tabarau, cinikin safe ya wuce. Ba komai. Takarduna dai har yanzu ba su fito ba, kada Inna ta ji. In aka ce mu tattara mu koma gida, so nake yaran nan su shiga ajinka a Maraɗi kai tsaye, ba a mai da su baya ana yi musu dariya ba.

Aiko mini littafin aji ɗaya ta hannun mai zuwa. Ni ma zan zauna in koya tare da su, ranar da na dawo in gyara maka naka Faransancin.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Lawali