Kyamara Don Hilaria

Punata, 3 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Petrona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Buenos Aires, yaya ciwon ƙafar? Mu nan da sauƙi, sai dai matata Hilaria ta ƙara ramewa. Likita ya ce a riƙa ba ta duk abin da ranta yake so, kin kuwa san abin da wannan maganar take nufi.

Hoto take so, babba, na ratayawa a bango, da jan fatarinta da farar malafa. Na ɗauko waya, ta kare fuska ta ce, "Da abin da kake kiran mai gas za ka ɗauke ni? Tsoho, ka ji kunya." Da na ambaci mai hoton bakin coci kuma, ta ce ba baƙon da zai gan ta a haka. Ni take so in ɗauka, ni da shekara arba'in hannuna bai san komai ba sai sitiyarin bas.

Jiya na shiga Cochabamba, ɗanmu Wilmer ya raka ni kasuwa. Na ga wata ƙaramar kyamara, kuɗinta boliviano dubu biyu, maɓalli ɗaya za ka danna ta yi sauran aikin. Ta zauna min a hannu. Mai shagon bai ko kalle ni ba, shi da Wilmer suka yi ta surutu kan wadda ake sauya wa ido da wadda take gani a duhu. Na ce ni ɗan koyo ne, kuma a tsakar gida zan ɗauka, da rana. Wilmer ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai ta wasan yara ce, Mama ta wuce nan. Bari in yi odar mai kyau daga Santa Cruz, sati ɗaya ne." Na mayar da kuɗina aljihu. Shi ne mai ilimi.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Eleuterio

Punata, 24 ga Mayu

Yaya Petrona,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Maganin da kika aiko ya iso, Allah ya saka.

Kyamara dai shiru. Ran Lahadi Wilmer ya bugo ya ce yana tafe da ita. Maƙwabciyarmu Casilda ta yi wa Hilaria kitso biyu, muka sa mata fatarin, sai da aka ɗaure ƙugun da igiya don ya yi mata yawa. Ta zauna a kujera gindin ɓaure tun hantsi. Ya shigo bayan la'asar, ba komai a hannunsa sai waya. Wai a tasha ya duba kwalin ya ga tsohon yayi ce, ya mayar, akwai sabuwa da ta fi ta kaifi. Ya zauna yana nuna mana hotunanta. Hilaria ta shafa kansa ta ce, "Ba komai, ɗana, kafin ta zo na yi ƙiba."

Yaya, ban ce masa uffan ba, wannan ne yake cina. Na yi niyya Litinin in koma in sayo ƙaramar da kaina, amma tun ranar ba ta sake tashi zaune ba, ni kuma ba na iya barin ta.

Ki sa mu a addu'a.
Eleuterio

Punata, 14 ga Yuni

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na gode da kiran ta'aziyya.

Kyamarar ta iso kwana huɗu bayan mun binne Hilaria. Wilmer ya kawo ta da kansa, ya buɗe a kan tebur, ya shiga koya min maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyarsa, mai kyau ce, har gashin girata take nunawa. Na so in tambaye shi wa zan ɗauka da ita, sai dai na bar shi ya gama. Amma ban yafe masa ba tukuna, ban kuma yafe wa kaina ba. Kuɗin suna aljihuna ran nan, kyamarar tana hannuna.

Da aka nemi hoton da za a sa a kan akwatinta a coci, na katin shaidarta aka faɗaɗa. Fuska a ɗaure, a dushe, kamar mai laifi. Shi mutane suka tsaya a gaba suna kuka.

Ki duba min kayanki. Na tuna an ɗauke ku tare ranar bikin ɗiyarki, tana tsaye a bayanki tana dariya. Ko da rabin fuskarta ne ya fito, ki aiko min.

Ƙaninki, Eleuterio