Sai Daudu Ya Gan Ni a Sitiyari

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Shekara shida ke nan maganar Daudu tana cina. Ranar da matata Saude ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, da rana tsaka, motata tana ƙofar gida, makulli yana hannuna. Ban iya tuƙi ba. Daudu, ɗan gwaggona, wanda ya saba jana tun da na sayi motar, yana kasuwar Gwiwa. Kafin a samo wani direban, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in, a gaban mutane, ya ce: "Hedimasta, duk turancin nan, juya makulli ya gagare ka?" Aka ce wasan taubasai ne. Har da masu murmushi.

Yau 'yata Bahijja ta saka min darasin tuƙi a waya, na wata makaranta a Kano. Ban gaya mata dalili ba. Ni dai sai na tsayar da motar nan a ƙofar gidansa a Roni, yana kallo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Wata yarinya ce ke magana a bidiyon, ba ta kai sa'ar Bahijja ba. "Ɗalibai, a kalli madubi kafin a tashi." Ɗalibai! Ni da na koyar da rabin ma'aikatan sakatariyar garin nan. Ba wanda ya taɓa leƙo ni tun da na yi ritaya, amma wannan wani zancen ne.

Sai na hau dutsen bayan gida bidiyon ke buɗewa. Masu kiwo suna wucewa suna gaishe ni, suna zaton lazimi nake.

Lahadi, 2 ga Yuni

Gwajin alamomin hanya: na cinye duka. Wayar ta tafa min. Ita kaɗai.

Laraba, 26 ga Yuni

Karatu daban, ƙafa daban. Makarantar ta haɗa ni da wani mai koyarwa a nan Kazaure, Nafi'u, tsohon ɗalibina ne ma. Muna zuwa filin ƙwallo da hantsi. Motar ta mutu min har na daina jin kunya.

"Baba Malam, a hankali ake sakin kuloci. Kamar za ka ajiye jariri."

"Na sani. Na karanta."

"Ai ƙafar ce ba ta karanta ba, ranka ya daɗe."

Ban yi dariya ba sai da na dawo gida.

Nafi'u ya ce Daudu ya daina fita kasuwa. Ban tambayi dalili ba. Kada dai ya mutu kafin na gama.

Asabar, 20 ga Yuli

Na shiga shataletale na fita ba tare da na hau komai ba. Wani mai adaidaita ya zage ni. Na rama, da turanci.

Na shirya yadda za a yi. Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da majalisarsa ke cika. Zan danna hon sau ɗaya. Ba zan fito ba. Zan sauke gilashi na ce, "Ga makullin, na juya." Sai na yi ribas na tafi.

Ribas ɗin nake ta maimaitawa.

Talata, 3 ga Satumba

Lasisi ya fito. Hoton ya mai da ni kamar wanda aka kama da akuya. Bahijja ta yi kuka a waya, ta ce da Umma na nan. Na ce mata layin ba kyau.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na je Roni.

Na tuƙa da kaina, tun daga ƙofar gida. Gero ya yi tsayi gefen hanya, rigata ta jiƙe sharkaf. Majalisar ba kowa, sai tabarma a naɗe. Na danna hon. Na sake dannawa.

Ya fito yana dafa bango. Ya rame. Ya tsaya, ya karkata kai.

"Wannan kukan motar Hedimasta ne. Har yanzu ba a gyara mata salansa ba. Wa ya kawo shi?"

Na sauke gilashi. Na ce, "Ni na kawo kaina."

Ya yi dariya, irin tasa, yana kallon wajen da ba ni ba. "Kai, taubashi, ƙarya ba kyau ranar Juma'a. Direba, sannu da fama da shi."

Fatu, matarsa, ta leƙo daga zaure. Ta ce tun kafin azumi idon yake dusashewa, ya hana a faɗa wa kowa. Yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu.

Maganar makullin tana bakina. Ban san wa zan faɗa wa ba.

Ribas ɗin ya yi kyau. Ba wanda ya gani.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ban ci abincin kirki ba. Haushi ne, ba wani abu ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Na kai shi asibitin ido a Kano. Ba don shi ba. So nake a buɗe idon ya kalle ni da kyau.

Ya zauna a gaba, kujerar da na zauna shekaru. Wajen Ɗanbatta ya miƙo hannu yana lalube, ya taɓa hannuna a kan giya. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ashe kai ne," ya ce. Can kuma: "Saka ta huɗu, kana wahalar da ita."

Na saka.

Bai ambaci Saude ba, ni ma haka. Alhamis zan koma ɗaukarsa karɓar maganin ɗigawa, tunda ba mai kai shi.

Likita ya ce an makara, jijiyar ta mutu. Idon Daudu ya tafi duka biyun.