Abokanka Sun Ƙi Karɓar Kuɗin Motata

Zuwa ga Maigida, Baban Asiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya daidai gwargwado. Inna mahaifiyarka tana nan, sai dai ciwon gwiwar nan nata da ka sani. Asiya ta shiga aji biyar, ƙannenta biyu kuma sun yi wayon da ba za ka gane su ba. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni rabonka da mu.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Masu bibiyar shafina ne za su karanta, su yi mini haƙuri, yau ba da su nake ba. Maganar mota ce ta sha mini kai, ni kuwa ban san wanda ya fi ka sanin mota da hanyar Gwarzo zuwa Kano ba, tunda shekara goma sha ɗaya ka yi kana tuƙi a kanta. Na sauya sunayen mutane saboda kada in kunyata kowa, amma kai za ka gane su.

An yi mini sauyin wurin aiki. Daga firamarenmu ta Mainika, wadda nake zuwa da ƙafa, aka cilla ni wata makaranta a gefen Rijiyar Zaki, bakin birni. Ba wanda ya tambaye ni, takarda kawai na gani. Na bi ofis-ofis har takalmina ya tsinke, kowa sai ya ce in fara zuwa tukuna, za a duba. Shugabar makarantar, Hajiya, ba muguwa ba ce, amma ƙarfe takwas na cika take jan layi da jan biro a littafin sa hannu. Wanda ya zo bayan nan a ƙarƙashin layin zai rubuta sunansa. Sunana ya saba da ƙarƙashin layin nan har ni kaina na daina jin kunya. Ka kuwa san aikin nan shi ne tuwonmu, ni da yara da Inna. Idan ya tafi ba mu da wani.

Daga Mainika abin ba zai yiwu ba. Sai na sami ɗan acaba ya fito da ni, idan kuwa an kwana ana ruwa, shi ma sai ya ga dama. Hayar gida a birni ta fi ƙarfina, ko da ma ba ta fi ba, ba zan yi nisa da Inna ba, ita kuma ta rantse ba abin da zai raba ta da ɗakinta. Saboda haka zaɓi ya rage biyu. Akwai ɗaki ciki da falo a Gwarzo, bayan tasha kaɗan. Akwai wani a Kabo, maƙwabta da gidan Yaya Talatu. Masu gidajen duka sun ce in ba su amsa kafin Juma'ar nan.

Kai ne ka ɓata ni, bari in faɗa maka gaskiya. Tun da ka aure ni ban taɓa tsayawa jiran mota ba. Idan zan je birni, har ƙofar gida kake zuwa, gidan gaba nawa ne ni kaɗai, ka goge kujerar da tsummanka kana tsokanata wai Malama ba ta zama a kan datti. Sai nake zaton tafiya Kano ke nan, a buɗe ƙofa a shiga. Ashe ban san komai ba.

Da hankalina na malamar makaranta sai na auna nisa. Kabo ta fi kusa da Kano, ga Yaya Talatu za ta riƙa duba mini yara. Na ce shi ke nan, an gama. Yaya ce ta ce in zo in yi mako guda a wurinta in gwada kafin in kwaso kaya. Allah ya saka mata.

Ina idar da sallar asuba nake fita bakin titi. Motocin Gwarzo suna zuwa kam, ɗaya bayan ɗaya, amma kowace a cike take har da na saman cinya. Direba ya kife maka tafin hannu ta taga ya wuce, ko rage gudu ba ya yi. A nan na tuna abin da kake yawan faɗa idan mun wuce mutane a tsaye, cewa mutumin bakin titi sai wani ya sauka yake samun wuri. A da ina jin maganar ne daga cikin mota, yanzu na ji ta a tsaye da jaka a kafaɗa.

Sai na koma inda ake lodi a cikin gari. Can kuma mota ba ta tashi sai ta cika, da sassafe kuwa masu zuwa birni ba su da yawa. Rana ɗaya na tarar da mota saura mutum biyu, na yi hamdala na biya na zauna. Ina zama sai mutum uku suka sauka ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai sha shayi, wancan ya ce zai kama ruwa. Ashe zaman jan fasinja suke yi. Ka taɓa ba ni labarin wannan dabarar muna dariya, ranar dai ban yi dariya ba. Ranar kasuwa kuwa ba a magana, duk motocin sun bi 'yan kasuwa da buhunansu. A kwana biyar ɗin nan sau biyu kacal na riga jan biron Hajiya.

Sai na ce to bari in gwada Gwarzo. Na sauka a gidan Gwaggona da ke can.

Maigida, tasharku tana nan yadda ka bar ta. Benci ɗin nan na gindin bishiya, mai shayin nan da ba ya wanke kofi sai an yi masa magana. Kuma gaskiyarka, a nan mota take. Kafin gari ya gama wayewa ta farko ta cika ta tashi, ta biyu ta ja layi. Ko da tafiyar ta fi tsawo, wanda ya shiga da wuri zai isa da wuri. Na tsaya ina kallo, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Ban kai ga motar ba wani ɗan kamasho ya gane ni. Kafin in ankara an kewaye ni. Aka ambaci sunanka, aka sake yi mini ta'aziyya kamar jiya ka rasu, ana tambayar Inna, ana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Amininka, wanda zan kira Malam Idi, shi ke kan lodi. Ya sauke wani bawan Allah daga gidan gaba ya ce in shiga. Na miƙa kuɗin mota, ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Har bakin lungun makarantarmu ya kai ni. Ranar na yi kuka a mota, na ce ashe ka bar mana mutane.

Washegari wani direban ne, shi ma ya ƙi karɓa. Rana ta uku haka. Na ce wa Gwaggo na sami gari, na ma ƙara mako guda don in tabbatar.

A mako na biyu ne abu ya fara sauyawa, a hankali, yadda ba za ka iya kama kowa da laifi ba. Ina zuwa sai a tarbe ni da fara'a, a shimfiɗa mini gaisuwa, a zaunar da ni a benci. Sai a ce wannan motar ta cika, alhali ina hango wuri. Ta gaba kuma a ce tayarta ba ta da kyau, ba za su sa iyalin marigayi a ciki ba, in jira mai lafiya. A kawo mini shayi da ƙosai. Ina riƙe da kofi ina kallon motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya da mutanen da suka zo bayana. Wani direban da ya hango ni sai ya tuna yana da abin dubawa a ƙarƙashin mota.

Da farko na ji haushi ƙwarai. Daga baya na tuna ni matar direba ce. Na san yadda kake dawowa gida fuska a ɗaure duk ranar da ka tafi da kujera ɗaya babu kowa, ka ce ribar ranar ce ta tafi. Wancan lokacin ma mai bai yi tsadar yau ba. Su a zatonsu zuwa ɗaya ne ko biyu, irin na mai zuwa asibiti ko biki. Ba su san kullum ba ne, Litinin zuwa Juma'a, har illa masha Allahu. Sun riga sun ƙi karɓa a gaban jama'a, yanzu wa zai fara miƙa hannu? Wanda duk ya karɓa, shi ne zai zama mutumin da ya ci kuɗin marayun abokinsa.

Na sami Malam Idi a gefe na roƙe shi. Na ce don Allah su riƙa karɓa kamar na kowa, ni ba kyauta nake nema ba, ƙarfe takwas nake nema. Ya sunkuyar da kai ya ce: “Malama, da wane ido zan kalle shi gobe kiyama?” Ranar ma sai mota ta huɗu na samu.

A cikin makon ne Hajiya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ta yi iya rufin asirin da za ta iya, masu duba makarantu sun ga littafin. Ta ba ni takardar gargaɗi, ta ce idan sunana ya sake sauka ƙasan layi, magana ta bar hannunta.

Ka ga inda nake. A Kabo ba wanda ya san ni, kuɗina yana da daraja, amma babu motar. A Gwarzo ga mota har ta yi yawa, amma mutuncinka ya tare mini ƙofa. Ban taɓa zaton ranar za ta zo da zan yi fatan a ce ba a ƙaunace ka haka ba. Na yi wannan tunanin, na yi istigfari, na kuma sake yin sa.

Abin da na yi shekaranjiya Litinin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na ari niƙabi a wurin surukar Gwaggo, na sa hijabin da ba su san ni da shi ba, na sauya jaka. Na shiga tasha na wuce mai shayi, na wuce dattawan benci, waɗanda suka ɗauki gawarka a kafaɗunsu, ban ce wa kowa ina kwana ba. Ni ɗin da Inna take yabo a kan gaisuwa.

Malam Idi ne a kan lodi. Na so in juya, amma na duba agogo. Na shiga can baya, na matse tsakanin wata mai goyo da buhun wani. Da ya zo karɓar kuɗi na miƙa ban yi magana ba. Ya karɓa, ya ba ni canji, bai ɗago kai ba. Mota ta tashi a kan lokaci.

Muna shiga gari sai hankalina ya tashi, don ban yi tunanin sauka ba. Idan na ce akwai sauka zai ji muryata. Na yanke shawarar in yi shiru har inda kowa zai sauka, in dawo da ƙafa ko da gudu ne. Ina cikin wannan sai na ji ya rage gudu. Ya gangara gefen titi ya tsaya daidai bakin lungun makarantarmu. Ba wanda ya ce masa komai. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gabansa, fasinjoji suna tambayar wa zai sauka. Na fito. Bai waiwayo ba, ni ma ban yi godiya ba.

Na sa hannu a saman layi. Jiya ma haka, yau ma haka, da wasu direbobin, kuma kowannensu ya san inda zai tsaya.

Saboda haka gobe zan je in ce wa mai gidan Gwarzo na karɓi ɗakin. Ba murna nake yi ba. Ban san tsawon lokacin da za mu iya wannan zaman ba, ni ina yi kamar ban san su ba, su suna yi kamar ba su san ni ba. Tashar nan ita ce wuri ɗaya da ya rage inda ake ganina a kira sunanka, a ce ga iyalinsa nan. A gida yara sun fara mantawa da muryarka, Inna kuma ba ta iya ambatonka. Yanzu ni da hannuna na rufe wannan ƙofar saboda tuwon 'ya'yanka. Da kana nan da ka san yadda za ka yi musu magana a yi dariya a wuce wurin. Ni ban iya ba. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Allah ya rufa wa abokanka asiri kamar yadda suka rufa mini, ya tsare su a kan hanya, ya sa kada iyalin ɗayansu ta taɓa tsayawa inda na tsaya. Ya raya mana yaran nan, ya haɗa mu a inda ba sai na ɓoye fuskata ba kafin in ce ni taka ce.

Wassalam.

Matarka har gobe,
Maman Asiya