Motar Illiya da Ta Tsaya a Kori

Sabon Gari, Agadez

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina, Abdul'aziz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sakina da 'yar lelena Ummi, ya kuma kare ku daga sanyin Liyon ta Faransa da aka ce har ƙashi yake shiga. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin gwiwa, har tana fita barka da ƙafarta. Ta ce a gaya maka ta ga hotonka kuma ka rame, ita dama ba ta taɓa yarda da abincin Turawa ba. Matata Kadidia na nan da surutunta yadda ka bar ta. Ƙanwarmu Indo kuwa ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ƙyar, zan kuma gaya maka dalili.

Amma bari in fara da naka. Muryarka a waya ran nan ba ta yi mini daɗi ba. Ka ce garajin da kake aiki, inda kuke ƙara wa motocin tsere ƙarfi, zai rufe ɓangaren manyan moter, wato injinan mota, saboda dokokin hayaƙi da ke ƙara tsananta a can. Ka ce an ba ka zaɓi, ko ka koma lekol, wato makaranta, ka koyi aikin motar lantarki, ko ka kama gabanka. Ka ce kuma ka gama shawara, za ka tattaro ka dawo gida, tunda a Agadez mota mai babban injin V8 ba za ta mutu ba, kai kuwa ba za ka zauna aji ɗaya da yaran da aka haifa a gabanka kana koyon motar da ko tari ba ta yi ba. Ban so mu yi musu a waya ba. To, yanzu sai ka saurara.

Ka san ƙa'idar ayarinmu tun zamanin Baba. Duk katkat, motar shiga daji, da za ta bi mu arewa da masu haƙar zinariya, dole ta zama irin tamu, ƙira ɗaya, moter ɗaya. Ba girman kai ba ne. Idan famfon ruwan wani ya mutu a tsakiyar daji, akwai irinsa a akwatin na bayansa, kowa na ɗauke da kayan gyaran ɗan'uwansa. Tun da shoferori, 'yan'uwana direbobi, suka ɗora mini shugabancin ayarin ban taɓa karya wannan ƙa'ida don kowa ba.

Sai ga Illiya, mijin Indo, ya dawo daga fataucinsa da wata katkat fara sol mai aiki da lantarki. Gari ya ɗauka, tsofaffi na tambaya ko a kashe take tafiya. Ni na tsokane shi, na ce a Agadez ne kawai motarsa ba ta hayaƙi, hayaƙinta na can Anu Araren inda ake ƙona gawayin ƙasan da ke ba ta wuta. Ya ce in ya isa Iferwan, da allunan hasken rana na masu lambu zai cika ta. Daga nan ya nemi in sa shi cikin ayari har can, zai sari albasa. Na ce a'a, a gaban shoferori. Ya tuna mini cewa shi surukina ne, na ce na sani, amma babu ko ƙusa ɗaya a akwatunanmu da za ta shiga motarsa. Ya tashi bai jira shayi na biyu ba. Indo ta zo har gida ta ce hassada ce ta sa na wulaƙanta mijinta, kalmar kuwa ta yi mini zafi ƙwarai.

Ranar tafiya ya biyo mu a baya, ba ya cikinmu, bai kuma yi nisa da mu ba. Da muka kai babban korin nan, busasshen rafin mai yashi mai laushi, inda kowa ke sauka ya rage iskar ƙafafu, motocinmu na kuka suna haƙa, sai ta Illiya ta zo ta gefenmu ta wuce. Shiru, Abdul'aziz! Ba ka jin komai sai yashi a ƙarƙashinta. Ta haye tudun kamar ana jan ta da igiya. Tun ina saurayi nake tuƙi a hanyar nan, ban taɓa ganin ƙarfi irin wannan ba. Ɗan Lami, mai tuƙa motar bayana, ya saki baki har ya kafe a yashi sai da muka tono shi.

Bayan azahar muka same shi a wani kori na gaba, tsaye, ya dafe kai. Wata jar fitila ta kunna masa, motar ta ƙi motsi, alhali wutarta ba ta ƙare ba. A hanyarmu ba a wuce motar da ta tsaya, ko ta wanda kuka yi faɗa ce, don haka muka tsaya dukanmu. Nan ne za ka yi dariya. Bisa sabo kowane shofer ya sauko da akwatin kayan gyaransa, muka shimfiɗa tabarma muka jera su reras. Ni na kara kunnena a jikin motar yadda Baba ya koya mana, in ji inda ciwon yake, ban ji komai ba sai iska. Muka ɗaga murfin gaba don mu ga moter, muka tarar da wurin ajiye kaya, ciki buhun dabino da dardumar sallar Illiya. Ɗan Lami ya ce a tura ta ko za ta tashi, muka tura har gumi ya jiƙa mu, ƙafafun ko juyawa ba su yi ba. Manyan shoferori, wasu da furfura, muka tsaya cirko-cirko muna kallon juna. Ƙarshenta Illiya ya hau bayan motata, kan bidon, wato jarkokin ruwa, tsakanin masu zinariya. Motarsa kuwa kamiyon, babbar motar albasa, ya dawo da ita gari.

Shoferori sun ce gaskiyata ta fito. Ni ban ji daɗi ba ko kaɗan, don na ga abin da ta yi a yashi kuma na kasa mantawa. Gaskiyarka ce V8 za ta daɗe a nan, amma masu gyaranta a Agadez sun fi a ƙirga, kai kuma sai ka baro can don ka zama ɗaya daga cikinsu? Ranar da masu ƙera ta suka daina, kayan gyaranmu za su riƙa tsufa tare da mu. Esansi, man mota, muke wahalar ɗauka a bidon, rana kuwa muna da ita har ta yi mana yawa. Abin da babu a garin nan kaf shi ne hannun da ya san cikin waccan motar. Ina da yaƙinin wata rana ayari zai tashi daga tasharmu ba hayaƙi ba ƙara, ya fi namu gudu, kuma ina so a ce ɗan gidanmu ne ya koya wa shoferori abin da za su sa a akwatunansu. Saboda haka ka koma lekol ɗin nan. Ka zauna da yaran, su yi maka dariya in sun ga dama. Mutumin da ke gane ciwon moter tun tana bakin titi ba zai kasa karatu ba. Ina kewar ka, Allah ya sani, ba abin da nake so kamar in ji sallamarka a zaure, amma ba yanzu ba, kuma ba hannu rabbana ba.

Jumma'ar da ta wuce Illiya ya zo gida da kansa, Indo na biye da shi. Na zaci faɗa ne ya kawo su. Sai ya ce wani ya taya motar don ya ciri kujeru da ƙafafu, shi kuma ya ƙi sayarwa. Ya sa an shigar da ita garajin Baba an lulluɓe. Sannan ya ajiye makullinta a gabana, ya ce in aika maka, babu wanda zai sake taɓa ta sai kai. Na gaya masa gaskiya, na ce kana shirin barin karatun tun ba ka fara ba. Ya ce shi bai ji wannan maganar ba, zai jira. Makullin yana naɗe cikin takardar nan, Zaharaddin ɗan maƙwabcinmu da zai koma Faransa shi zai damƙa maka.

Inna na sa maka albarka. Kadidia da Indo na gaida Sakina, 'yata Rukayya na gaida Ummi, Ɗan Lami da sauran shoferori na miƙo gaisuwa. Kada ka dawo mini da makullin nan ta hannun kowa. Da hannunka za ka kawo shi, ranar da ka iya gyaran motar.

Ni ne yayanka mai yi maka addu'a kullum,
Alkasum