Durowar Hagu

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da har yanzu a hoto kawai na san ta. Kin ce in riƙa kiran waya. Na ƙi. Waya ba ta barin mutum ya yi tunani, mai gyaran agogo kuwa bai saba da gaggawa ba.

Auta, jam'iyyarmu ta dare gida biyu, kuma tsagar ta biyo ta tsakiyar ɗakin taronmu na reshe. Kin san ɗakin: benci huɗu, tebur mai durowa biyu, da agogon bangon da nake wanawa duk Litinin yau shekara talatin da ɗaya. An aiko da ƙuduri daga sama, wai jam'iyya ta goyi bayan buɗe ɗakin raino a wuraren aiki, don mai shayarwa ta tafi aiki da ɗanta. Masu zama ta bakin ƙofa, su Dogo shugabanmu, suka ce wannan rushe gida ne, mu kuwa jam'iyyar riƙon gida ce, uwa a ɗakinta, ɗa a cinyarta. Masu zama ta bakin taga suka ce ai matan sun riga sun fita, sai dai a taimake su ko a kau da kai. Yanzu ba a cewa wane da wane, sai 'yan ƙofa da 'yan taga. Har butar shayi sun raba.

Mu goma sha uku ne masu ƙuri'a. Shida can, shida nan, sai tsohonki a tsakiya, ƙarƙashin agogo, inda na saba zama don in ji ko yana tsallake. Asabar ta sama za mu jefa katunanmu yadda muke yi tun kafa reshen: durowar dama ta masu ƙi, ta hagu ta masu so, kuma a gaban kowa ake jefawa.

Jiya Dogo ya zo shago. Kin san tun muna 'yan makaranta muke tare, shi ya riƙe ni ranar da muka rasa mahaifiyarki. Ya ce, "Kai ba sai an roƙe ka ba. Marigayiya ai ita ce misalin da nake bayarwa, macen da ba ta taɓa fita aiki ta bar 'yarta ba." Na ce haka ne. Na san halinsa, in na saɓa masa ba zai ƙara taka shagona ba, ni kuwa shi kaɗai ya rage mini a cikin tsarana. Ina jin tsoron wannan.

Kwanakin nan barci yana sace ni a kan kujera da rana tsaka. Sai in ga duk agogunan shagon sun yarda da lokaci ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba, in ji ƙanshin sabuwar auduga, in ji kamar wani yana numfashi kusa da gwiwata. In farka, ba kowa.

Ki gaishe da maigidan. Allah ya raya mana 'yar.

Babanki.

*

Baba,

Barka da war haka. Muna lafiya, jikarka tana gaishe ka da irin gaisuwarta, wato kuka. Hutuna na haihuwa ya kusa ƙarewa, wata mai zuwa zan koma aiki asibiti, kuma har yau ban san hannun da zan bar ta ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Baba, wane misali kuma? Na karanta maganar Baba Dogo sau uku, na yi dariya, daga baya na yi kuka. Gwaggo ta ba ni labari tun ina aji uku, ta ce kada in nuna maka na sani. Mama ta yi shekara huɗu tana aiki a masaƙa. Da safe takan kawo ni shagonka, ka kwashe kayan durowar hagu ta ƙasa, ka shimfiɗa tawul, ka kwantar da ni. Da an tashe su hutun rana ta rugo ta ba ni nono a bayan labule, ta koma.

Ni ban tuna ba, amma jikina ya tuna. Har yau ba na iya barci a ɗakin da ba agogo. A asibiti, in na kama hannun mara lafiya ina ƙirga bugun jininsa, sai in ji kamar ina kwance cikin wani akwati mai ɗumi, sama da ni ana ta ƙas-ƙas-ƙas, ga wani babban ido ɗaya yana leƙo ni. Sai da na girma na gane gilashin aikinka ne. Maigidana yana tsokanata wai an haife ni da batir.

Numfashin da kake ji kusa da gwiwarka, Baba, nawa ne.

Ba zan ce maka ga durowar da za ka jefa katinka ba, ban isa ba, kuma na san abin da Baba Dogo yake a wurinka. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ƙara ba da misali da Mama a kan abin da ba ta yi ba. Ta yi gudu da yawa a kan titin nan, bai kamata a ce tana zaune ba.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci, mai gyaran lokacin mutane. A yafe mini in na yi tsaurin ido.

Autarka.

*

Auta,

Na sami takardarki, na gode. Gwaggonki dai bakinta bai taɓa riƙe ruwa ba, Allah ya shirye ta.

Kwana biyu ina kewaya durowar nan ta shago kamar mai bin gefen rijiya. Jiya na jawo ta. Tsofaffin madaurai, murafu, ƙananan kusoshi, da agogunan da masu su ba su dawo ba. Da na kwashe, sai ga tawul ɗin a ƙasa, ya koɗe, ga kuma sawun haƙoranki biyu a bakin katakon. Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, ni da ke da agogo arba'in a kaina.

Na ga mahaifiyarki, Auta. Ba barci nake ba, ko kuma barcin ne, oho. Ta shigo tana haki, auduga ta manne mata a gira da kafaɗa kamar ta ratso gajimare, tana cewa, "Ta yi kuka?" Nakan ce a'a ko da kin yi. Hasken taga yana sauka daidai kan durowar, ƙurar zare tana yawo a cikinsa a hankali, ke kuma kina miƙa hannu ki kama.

Ga abin da Gwaggo ba ta sani ba. A lokacin ni ne sabon sakataren reshe, bakina ya fi na kowa zafi a kan mace ta zauna a gida. Duk sanda na hango Dogo ko wani ɗan jam'iyya ya nufo shago, sai in sa gwiwa in tura durowar, in bar 'yar kafa ta shan iska. Ina tsaye ina zuba jawabi, 'yata tana cikin duhu. Mahaifiyarki ta taɓa kama ni. Ta jawo durowar ta ɗauke ki, amma ranar ba ta dube ni ba. Kunyar wannan ta fi ƙarfina, shi ya sa na binne labarin har na manta inda na binne shi.

Har yanzu ni mai riƙon gida ne, ban sauya ba. Sai dai na rasa wane gida ake nufi, wanda muke faɗa a taro ko wanda na zauna a ciki. 'Yan taga sun aiko a sha shayi, 'yan ƙofa ma sun aiko, na ce duka cikina ba daɗi. Gobe Asabar. Katina yana aljihun gaba, na taɓa shi ya fi sau goma.

Ki sa ni a addu'a.

Babanki.

*

Autata,

Gaisuwa. Na jefa a hagu. Bakwai da shida. Kafin in jefa na tsaya na ba su labarin masaƙa da durowa, duka, har da gwiwar. Dogo ya karanta sakamako, ya ɗauki hularsa, ya wuce ni kamar bango.

Litinin matarsa ta kawo agogon hannunsa wai a gyara, da 'yar takarda a naɗe. Ya rubuta: "Ka zaci ban sani ba? Agogo ba ya atishawa. Shekara talatin ina rufa maka asiri, ka tashi ka tona da kanka."

Na buɗe agogon, lafiyarsa ƙalau. Ban mayar ba. Na rataye shi a ƙusar da ke fuskantar ƙofa, sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Yau kwana tara.

Na wanke tawul, na goge durowar. Ki kawo mini jikata kafin ki koma aiki, in gan ta. Wannan karon durowar a buɗe za ta zauna, ko wa ya shigo.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.