Silin Robar da Aka Ce Wuta Ba Ta Ci

Zuwa ga Mai Kamfanin Silin Roba da ke bayan Jimeta,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ni malamar firamare ce a Adarawo. Goggona tana hannuna tun ranar da maharan daji suka ƙona garinmu, ta iso Yola da zanin jikinta kawai. Har yau ko ƙaurin shara ta ji sai ta zabura. Saboda ita na je shagonka neman silin da kuka ce an gauraya robarsa da sinadarin hana kama wuta.

Na farko. Manajanka ya zaro wani guntu daga aljihun tebur, ya kunna masa laita. Gefen ya yi baƙi, wutar ta mutu da kanta. Na saya, na rantse wa Goggo cewa wannan rufin ba ya ci.

Na biyu. Wata Laraba da hantsi wayar lantarki ta yi tartsatsi a ɗakinta. Silin nan ko gardama bai yi ba. Ya kama, ya dinga ɗiga kamar narkakken man shanu. Maƙwabta suka ciro ta daga hayaƙi, kafaɗarta a ƙone.

Na uku, a nan zargina yake. Na koma shagon kamar sabuwar mai saye. Guntun nan dai aka sake zarowa, duk tabon laita. Na nuna wani daga cikin tulin da ake sayarwa, na nemi a gwada shi. Nan take wai gas ɗin laitar ya ƙare! Amalanken tsofaffin bokitai da silifas da ake narkawa a yi silin kullum ina ganin su suna shiga ƙofar kamfaninka, amma ma'aikacin da ya taɓa ganin buhun sinadarin nan ban same shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, Alhaji. Ko guntun tebur ne kaɗai ya sha maganin?

Roƙona: a bar mai saye ya zaɓi wanda za a gwada da hannunsa. Wanda kuka riga kuka sayar, ku faɗa wa mutane gaskiyarsa. Sannan ka tako ka duba Goggo. A gindin darbejiya za ka same ta. Ta ƙi shiga kowane ɗaki, ga hadari ya fara haɗuwa, kuma rantsuwata ta daina aiki a wurinta. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Allah ya tsare rufin da 'ya'yanka ke kwana a ƙarƙashinsa, ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Wata malama daga Adarawo, Yola.